Kufai a Ƙarƙashin Jan Ganye: Tarihin Hoton Kaka a Tsaunukan Smoky

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, hanyar da ta ratsa tsaunukan Great Smoky, a kan iyakar jihohin Tenesi da Karolaina ta Arewa a Amurka, takan cika da motoci tun kafin gari ya waye. Masu ɗaukar hoto ne ke rige-rigen samun wurin kafa kyamara a bakin hanya, suna jiran rana ta leƙo ta bayan duwatsu. Abin da suke nema sananne ne ga duk wanda ya taɓa duba kalanda ko fuskar kwamfuta: jerin tsaunuka ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya tsaya, gangarensu lulluɓe da ganye ja da rawaya da ruwan goro, farin hazo kwance a cikin kwari, babu gida, babu gona, babu ɗan Adam. Wannan gandun daji ya fi kowane gandun ƙasa a Amurka karɓar baƙi, wajen mutum miliyan 12 a shekara, har a 2021 adadin ya haura miliyan 14, kuma Oktoba na cikin watannin da aka fi cunkoso. Yawancin masu kallon irin wannan hoto sukan ɗauka dajin da Allah ya halitta suke gani, wanda hannun mutum bai taɓa ba. Ni kuwa abin da nake son nunawa shi ne hoton kakar Smoky takardar tarihi ce. Kyamara na cikin abubuwan da suka kafa gandun, ita ta koya wa jama'a inda za su tsaya da abin da za su kalla, kuma launin da take ɗauka a yau, mafi yawansa, ya tsiro ne a kan gonakin mutanen da aka tasa da kututturan itatuwan da aka sare.

Ya kamata a fara da bayanin lokacin kansa, domin kakar can ba irin tamu ba ce, ko da yake watanninsu sun zo ɗaya. A wurinmu kaka lokacin girbi ne, itatuwa kuma sai hunturu ya shigo suke kakkaɓe ganye, ba tare da wani ado ba. A can, da zarar yini ya fara gajarta dare ya fara sanyi, bishiya takan daina ƙera sinadarin da ke sa ganye kore, sai rawayar da ke ɓoye a ciki tun da farko ta fito fili. Wasu itatuwan, irin su mapul, sukan ƙara da ƙera jan launi daga sukarin da ya taru a ganyen. A Smoky abin yakan daɗe fiye da sauran wurare saboda tudu da gangare. Ƙasan gandun bai kai mita 300 daga bakin teku ba, ƙololuwarsa kuwa ta kai mita 2,025, don haka launi yakan fara daga sama a ƙarshen Satumba ya riƙa saukowa har farkon Nuwamba. Ga kuma nau'in itatuwa sama da 100, kowanne da kalarsa da makonsa.

Waɗannan tsaunuka ba su taɓa zama ba mutane ba. Ƙasar kabilar Ceroki ce tun kafin zuwan Turawa, har zuwa 1838 lokacin da sojojin Amurka suka tattara mafi yawansu suka kora su yamma zuwa yankin da ake kira Oklahoma a yau, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka tsira daga korar su ne kakannin Cerokin da ke zaune a gefen gandun har yanzu. Manoma fararen fata suka cika kwaruruwan, suka share daji, suka shuka masara da tuffa, suka riƙa kai shanu kiwo kan tudu da bazara. A kwarin Cades Cove, wanda iyalin John Oliver suka fara zama a 1818, mutane sun kusa 700 a 1850, kwarin Cataloochee kuma ya kai mutum 1,200 a wajen 1910. Daga nan kamfanonin katako suka shigo da layin dogo da injin tururi. Kamfanin Little River ya fara aiki a 1901 a ɓangaren Tenesi, kamfanin Champion kuma ya mallaki sama da eka 90,000 a tsakiyar tsaunukan don ciyar da masana'antarsa ta takarda. Kafin a kafa gandun, wajen kashi huɗu cikin biyar na dajin an riga an sare shi ko an noma shi. Wannan ita ce ƙasar da masu kyamara suka tarar lokacin da suka fara aiki, kuma duk abin da zan faɗa a gaba a kanta ya dogara.

Amfani da hoto wajen neman a killace ƙasa tsohuwar dabara ce a Amurka. Hotunan da Carleton Watkins ya ɗauka a kwarin Yosemite a 1861 sun riga dokar da Shugaba Linkon ya sa wa hannu a 1864 don kare kwarin, na William Henry Jackson na 1871 kuma sun isa gaban majalisa kafin a kafa gandun Yellowstone a 1872. Amma waɗancan filaye na yamma a hannun gwamnati suke, bayan ta ƙwace su daga 'yan asalin ƙasa. Smoky kuwa mallakar mutane ce da kamfanoni, sai an saya filoti bayan filoti, kuma dokar da Shugaba Coolidge ya sa wa hannu a 1926 ta ce ba da kuɗin gwamnatin tarayya za a saya ba. Ke nan dole a shawo kan 'yan majalisun jihohi biyu da attajirai da talakawan birane su buɗe aljihu saboda wurin da yawancinsu ba su taɓa takawa ba, don babu hanyar mota mai kyau da ta shiga cikinsa. A nan ne hoto ya yi aikin da baki ba zai iya ba, gani ya kori ji. A 1924, da kwamitin da gwamnati ta naɗa don neman wurin kafa gandu a gabashin ƙasar ya sauka a birnin Asheville, 'yan kasuwar Knoxville sun tare shi da hotunan Jim Thompson, mai shagon hoto a garinsu, kuma bayan haka ne wasu daga cikin 'yan kwamitin suka je suka hau tsaunin Le Conte da ƙafarsu. Jihohin biyu suka ware dala miliyan 2 kowacce, jama'a suka yi karo-karo har da yaran makaranta, sannan a 1928 attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ba da dala miliyan 5.

A ɓangaren Karolaina, mutumin da ya fi kowa wahala a wannan aiki baƙo ne. George Masa ɗan Japan ne da ya iso Asheville a 1915 ya kama aikin hidima a otal ɗin Grove Park, ya fara da ɗaukar baƙin otal hoto, daga baya ya buɗe shagonsa. Ya yi abota da marubuci Horace Kephart, wanda ya bar aikin ɗakin karatu a birnin St. Louis ya koma zaman tsaunuka tun 1904, suka zama kamar ɗan juma da ɗan jummai a fafutukar kafa gandun, ɗaya da alƙalami ɗaya da kyamara. Masa yakan ɗauki ƙatuwar kyamarar akwati da ƙafafunta ya yi kwanaki a daji, ya zauna awoyi yana jiran gajimare ya tsaya inda yake so. Yakan tura ƙafar keke guda ɗaya da ya ɗaura wa na'urar ƙirga tazara, yana auna tsawon hanyoyin ƙafa, kuma ya yi aiki da kwamitin da ya tantance sunayen duwatsu da rafuka. Kephart ya rasu a haɗarin mota a 1931. Masa ya bi shi a 1933, ba shi da ko sisin kwabo, shekara guda kafin a kafa gandun a ranar 15 ga Yuni 1934. Nagatif ɗinsa suka watse, aka buga wasu hotunansa da sunan wani. Sai a 1961 aka raɗa wa wani tsauni sunansa, kusa da wanda ke ɗauke da sunan abokinsa. Ina girmama wannan mutum matuƙa, kuma don haka ne nake ganin ya cancanci a dubi aikinsa da idon basira.

Hotunan da aka yi yaƙin neman kuɗi da su sun nuna manyan itatuwa da magangarar ruwa da ƙololuwa a cikin gajimare. An zaɓe su ne don su nuna abin da ya saura, kuma wanda ya kalle su a Knoxville ko Niyok zai ɗauka haka dukan tsaunukan suke. Akwai wuri guda da ya isa misali. Dutsen da ake kira Charlies Bunion, wanda masu yawon ƙafa ke tururuwar hawa su ɗauki hoto a kaka, asalinsa lulluɓe yake da ƙasa da itatuwa. A 1925 wuta ta kama tarkacen rassan da masu saran katako suka bari, ta cinye gangaren, sannan a 1929 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya wanke ƙasar da ba ta da sauran saiwar da za ta riƙe ta, ya bar tsurar dutse. Kephart da Masa na cikin waɗanda suka je duba ɓarnar, kuma a wannan tafiya aka raɗa masa suna. Wurin da a yau ake ɗauka alamar daji marar tabo, shi kansa tabon gatari ne da gobara.

Haka launin ma yake. Dajin da ya tsufa, inda itatuwa suka yi shekaru ɗaruruwa, yakan zama gauraye, manya da ƙanana, nau'i-nau'i, kowanne yana juya kala a lokacinsa. Shimfiɗar rawaya bai-ɗaya da ke cika wasu kwaruruwan Smoky a ƙarshen Oktoba kuwa sau da yawa ta itacen fofla ce, mai son rana, wanda yakan yi saurin mamaye gonar da aka bari ko filin da aka sare, ya tashi sa'a guda tsawo guda. Wanda ya san wannan zai iya tsayawa a kan tudu ya zana iyakar tsohuwar gona da ido, daga inda rawayar ta tsaya. Sannan akwai itacen da ba ya cikin hoton ko kaɗan. A da, itacen cesnat na cikin itatuwan da suka fi yawa a waɗannan tsaunuka, da 'ya'yansa manoma ke kiwon aladu su kuma kai kasuwa a kaka. Wata cutar funfuna da ta shigo daga Asiya, wadda aka fara gani a Niyok a 1904, ta iso Smoky a shekarun 1920, kafin ƙarshen shekarun 1940 ta gama da manyansa. Itatuwan ok da jan mapul suka cike gurbin, kuma hana wutar daji da hukumar gandun ta yi shekaru tana yi ya ƙara wa mapul yawa. Saboda haka kakar da Baceroke ya gani a 1800, da wadda manomin Cataloochee ya gani a 1900, da wadda ake ɗauka da waya a yau, kaka uku ne daban a kan dutse ɗaya.

Rashin mutane a cikin hoton shi ma aiki aka yi kafin a same shi. An sayi filaye sama da 6,000, masu gonaki wajen 1,200 suka bar gidajensu. Da farko masu fafutuka sun tabbatar wa mazauna Cades Cove cewa ba za a taɓa su ba, amma dokar da majalisar Tenesi ta yi a 1927 ta ba hukuma ikon karɓar ƙasa ko mai ita bai yarda ba. John W. Oliver, daga zuriyar wancan Oliver na farko, ya yi shekaru yana shari'a har kotun ƙolin jihar, daga bisani ya tattara ya fita a ƙarshen 1937. Kamfanin Little River kuwa, da ya sayar da nasa filin, ya riƙe haƙƙin ci gaba da sara, bai ajiye gatari ba sai 1939, shekara biyar bayan kafa gandun. Bayan mutane sun fita, hukuma ta rushe mafi yawan gidajen katako na zamani da shaguna da makarantu, ta bar bukkokin gungume na kakanni da majami'u da injin niƙa, domin baƙo ya ga ƙauyen mutanen da. Filayen ciyawar da ke gaban hoton Cades Cove, inda hazo ke kwanciya da asuba, da an bar su da tuni sun zama daji, hukuma ce ke yanka su tana sa musu wuta da gangan. Wuraren tsayawar mota a bakin hanya, matasan da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauka aiki a shekarun 1930 ne suka gina da yawansu, kuma ana rage itatuwan da suka tsiro gabansu don kada su tare kallo. Mai kyamara da ya tsaya a can da asuba ya gaji wurin tsayawa ne daga injiniya.

Mai karatu zai iya cewa na haɗa abin da bai haɗu ba, tun da hotunan Masa da Thompson baƙi da fari ne, ba ruwansu da jan ganye. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna cewa kaka a matsayin abin ɗauka a hoto sabon abu ne. Amma tun a zamaninsu kamfanonin katin gaisuwa suna shafa wa hotunan launi a wurin bugu, wato sha'awar kala ta riga fim ɗin kala zuwa. Fim ɗin Kodachrome ya fito a 1935, aka fara sayar da shi don ƙananan kyamarori a 1936, 'yan shekaru bayan hanyar Newfound Gap ta buɗe tsakiyar tsaunukan ga motoci, Roosevelt kuma ya zo ya ƙaddamar da gandun a kanta a Satumban 1940. Bayan yaƙin duniya na biyu, iyali mai mota da kyamara ya zama ruwan dare, kuma babu lokacin da ya fi biyan kuɗin fim mai kala kamar Oktoba. Eliot Porter, wanda ya sa masana suka fara ɗaukar hoton daji mai kala da muhimmanci, ya fitar da littafin hotunansa na Smoky a 1970. A 1990 kamfanin Fuji ya fito da fim ɗin Velvia mai ƙara wa ja da kore ƙarfi, yau kuma kowace waya tana yin haka da kanta. Fim ya yi ta canjawa, tsarin hoton kuwa yana nan yadda na farko suka bar shi, a tsaya a sama, a kalli nesa, a fitar da mutum daga ciki.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta sakamako. Za a ce ko da hotunan sun ɓoye kututture, ai sun ceci abin da ya rage, kuma ba don su ba da kamfanoni sun gama da sauran tsohon dajin, wanda yana cikin mafi girma da suka saura a gabashin Amurka, har hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren tarihi na duniya a 1983. Za a ƙara da cewa an biya masu gonaki, wasu ma sun yi murnar sayar da ƙasar da ta gaji, an kuma bar tsofaffi irin 'yan'uwan nan mata na gidan Walker su zauna a bukkarsu har ta ƙarshen da ta rage a cikinta ta rasu a 1964. Na yarda da duk wannan, kuma da a ce ni ne aka tambaya a 1926, da na goyi bayan gandun. Sai dai wanda ya ɗauki hoto a 1925 yana cikin yaƙi ne da zarto, yana da uzurin nuna abin da zai motsa zuciya. Wanda ke ɗauka a yau ba shi da wannan uzuri, domin gandun ya kusa shekara ɗari kuma ba wanda ke shirin sare shi. Bugu da ƙari, labarin gaskiya ya fi ƙarfafa gwiwar mai kishin daji. Idan jama'a suka yarda cewa daji marar tabo kaɗai ya cancanci kariya, za su yi watsi da duk ƙasar da aka riga aka lalata, alhali Smoky shaida ce cewa gangaren da aka aske ƙwal aka ƙone zai iya komawa daji a cikin rayuwar mutum ɗaya idan aka ɗaga masa ƙafa. Hoton da ya ɓoye saran ya ɓoye farfaɗowar tare da shi.

Saura masu cewa mai hoto ba malamin tarihi ba ne, kyau yake nema, kuma kyau ba ya bukatar takarda. Ba na jayayya da kyan. Amma zaɓen abin da zai shiga hoto da abin da za a bari a waje hukunci ne, ko mai yinsa ya sani ko bai sani ba, kuma idan miliyoyin mutane suka yanke hukunci iri ɗaya shekara da shekaru, sai ya zama abin da ƙasa ke tunawa. Ƙololuwar gandun, inda ake tururuwa don ɗaukar fitowar rana, ta yi sama da shekara 160 tana amsa sunan Clingman, wani ɗan majalisar dattawa da ya zama janar a rundunar kudu lokacin yaƙin basasar Amurka. Sai a Satumban 2024, bisa buƙatar Cerokin da ke zaune a gefen gandun, aka mayar mata da sunanta na asali, Kuwohi. A duk waɗannan shekaru hotunan da aka ɗauka daga kanta ba su taɓa sa mai kallo ya tambayi ko wane ne ya fara ba ta suna ba. Busassun itatuwan da ke tsaye fari fat a kanta, waɗanda wani ƙwaro daga Turai ya kashe, su ma akan karkata kyamara a kauce musu, kamar yadda ake kauce wa itatuwan hemlok da wani ƙwaron ya fara ci a gandun tun 2002.

Akwai mako biyu ko uku a Nuwamba da masu kyamara ba su cika damuwa da su ba, bayan iska ta kakkaɓe ganyen, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin sama. A lokacin ne dajin ke buɗewa. Ana ganin bututun hayaƙi na dutse tsaye shi kaɗai inda gida ya taɓa zama, da katangun duwatsun da manoma suka tsince daga gona suka jera, da tsofaffin itatuwan tuffa a tsakiyar fofla, da igiyoyin ƙarfe masu tsatsa na jan gungume. Hanyar ƙafa da ke bin kogin Little daga Elkmont, mai faɗi da sauƙin hawa, a kan gadon layin dogon kamfanin katako aka shimfiɗa ta. Makabartu sama da 150 na cikin gandun, kuma a gefen arewa na tafkin Fontana, inda madatsar ruwan da aka gina a shekarun 1940 ta yanke hanya, hukumar gandun takan ɗauki jikokin mamatan a jirgin ruwa a ranakun da aka tsara, su je su share kaburburan su ajiye furanni.